Wa Ke Zaune Kusa Da Ɗan Talaka A Aji?

Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka, gundumar Wake ta jihar Karolina ta Arewa, inda Raleigh, babban birnin jihar, yake. A shekarar 2000 hukumar makarantun gwamnati ta wannan gunduma ta kafa wata ƙa'ida da ba a saba jin irinta ba. Ta ce burinta kada 'ya'yan marasa ƙarfi su haura kashi 40 cikin 100 na ɗaliban kowace makaranta, kuma kada yaran da karatunsu bai kai na ajinsu ba su wuce kashi 25 cikin 100. Ma'aunin rashin ƙarfin mai sauƙi ne: duk yaron da samun iyayensa ya yi ƙasa har ya cancanci abincin rana kyauta ko a kan rangwame, ya shiga lissafi. Don cika wannan buri sai aka riƙa ɗaukar wasu yara a mota ana wuce makarantar unguwarsu da su zuwa wata, ana kuma jawo 'ya'yan masu hali zuwa makarantun tsakiyar gari. Shekara goma aka yi a haka, sannan masu jefa ƙuri'a suka kawo waɗanda suka rushe tsarin. Ra'ayina shi ne hukumar tana kan gaskiya a manufarta, duk da kurakuran da ta tafka wajen aiwatarwa. Tara 'ya'yan talakawa su kaɗai a makaranta guda cutarwa ce ta biyu da ake ɗora musu a kan talaucin gida, kuma kuɗi, komai amfaninsa, ba ya kankare ta gaba ɗaya.

Kafin mu shiga hujjoji, yana da kyau mai sauraro ya san yadda rarrabuwar ke faruwa a can ba tare da wata doka ta ce a raba ba. A Amurka akwai hukumomin makarantu sama da 13,000, kowace da iyakarta, kuma a mafi yawan wurare adireshin gidanku shi ke nuna makarantar da za ka shiga. Kusan rabin kuɗin tafiyar da makarantun daga cikin yankin ake tara shi, akasari daga harajin gidaje da filaye, gwamnatin tarayya kuwa abin da take bayarwa bai fi kashi ɗaya cikin goma ba a shekarun da aka saba. To unguwar da gidajenta ke da tsada tana da makaranta mai kyau, makaranta mai kyau kuma tana ƙara wa gidajen tsada, har ya zama wanda ya sayi gida ya sayi kujerar aji ne a ɓoye, alhali ana kiran makarantar ta kyauta. Wasu iyaye daga wata unguwar talakawa a San Antonio ta jihar Texas sun yi ƙarar wannan tsari, shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli, a 1973 alƙalai 5 cikin 9 suka ce kundin tsarin mulkin tarayya bai hana shi ba. Ita dai kotun ta haramta raba ɗalibai bisa launin fata tun 1954, ta kuma yarda a 1971 a yi jigilar yara a mota don gauraya su, amma a 1974, a shari'ar birnin Detroit, ta hana a tilasta wa unguwannin bayan gari shiga gaurayar muddin ba a kama su da laifin wariya ba. A 2007 kuma ta soke tsare-tsaren biranen Seattle da Louisville masu duba launin fatar kowane yaro wajen rabon gurbi. Ƙofar launin fata ta kusa rufewa, ta samun iyaye kuwa tana buɗe, domin babu hukuncin da ya hana hukuma duba aljihu. Hukumomi biyu kacal aka sani suna bin wannan hanya a 1996, kafin 2016 sun kusa ɗari.

Tushen wannan tunani ya girmi shari'ar 2007 da nisa. A 1966 wani masanin zamantakewa, James Coleman, ya miƙa wa gwamnatin Amurka rahoton binciken da ya shafi ɗalibai kimanin 600,000 a makarantu wajen 4,000. Waɗanda suka sa shi aikin sun zaci zai gano cewa gini da littattafai da kuɗi su ne suka bambanta makarantun baƙaƙe da na farare. Abin da ya gano ya ba su mamaki: halin gidan da yaro ya fito shi ne kan gaba wajen nuna yadda zai yi karatu, a cikin makaranta kuwa babu abin da ya kai halin gidajen abokan karatunsa tasiri, kuma tasirin ya fi ƙarfi a kan yaron da ya fito daga gidan rashi. Bahaushe ya riga ya faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai an daɗe ana sukar irin wannan bincike da tambaya mai ƙarfi. Talakan da ya yi faɗi-tashi har ya kai ɗansa makarantar masu hali ai ba kamar kowane talaka ba ne, mutum ne mai himma ta musamman, to ta yaya za a san ko makarantar ce ta ɗaga yaron ko himmar uban? Wannan suka tana da tushe, kuma duk mai son gaskiya dole ya nemi wurin da ba iyaye ne suka zaɓa ba.

An samu irin wannan wuri a gundumar Montgomery ta jihar Maryland, dab da birnin Washington, ɗaya daga cikin gundumomi mafi arziki a ƙasar. Tun 1974 dokar gundumar ta wajabta wa duk kamfanin da zai gina babban rukunin gidaje ya ware wani kaso, tsakanin 12.5 zuwa 15 cikin 100, ya sayar ko ya bayar haya a farashi mai sauƙi, kuma hukumar gidajen gwamnati tana da damar sayen kashi ɗaya cikin uku na waɗannan ta zaunar da mafi talauci. Sakamakon haka gidajen gwamnati suka warwatsu a ko'ina, wasu a unguwannin talakawa, wasu a tsakiyar masu kuɗi, kuma da ƙuri'a ake rabon su, ba iyali ne ke nuna inda suke so ba. Daga baya kuma hukumar makarantun gundumar ta raba makarantun firamarenta gida biyu, ta zuba ƙarin kuɗi a rabin da talauci ya fi yawa, wajen dala 2,000 a kan kowane ɗalibi a shekara, aka rage yawan yara a aji, aka tsawaita sa'o'in karatun ƙananan yara, aka ƙara wa malamai horo. Ka ga an samu gwaji biyu a wuri ɗaya ba tare da an shirya ba: ga yaro talaka a makarantar talakawa da aka cika da kuɗi, ga kuma ɗan'uwansa talaka a makarantar masu hali da ba a ƙara mata ko sisi ba. Wata mai bincike, Heather Schwartz, ta bi sawun yara kimanin 850 na gidajen gwamnatin daga 2001 zuwa 2007. Yaran da ƙuri'a ta jefa makarantun da marasa ƙarfi ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, kafin su gama firamare sun cike rabin tazarar da ke tsakaninsu da 'ya'yan masu hali a lissafi, da kusan kashi ɗaya cikin uku a karatu. Takwarorinsu na makarantun da aka zuba wa kuɗi ba su kamo su ba. Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe daga wannan bincike don kada a yi masa ƙari: ribar ba ta bayyana a shekara ɗaya ko biyu ba, sai da aka daɗe, kuma ta dusashe a makarantun da talauci ya haura kusan kashi ɗaya cikin uku.

Me ke kawo wannan? Masu saurin magana sukan ce ƙwaƙwalwar ɗan mai kuɗi ce ke shafar ɗan talaka, kuma wannan fassara ce mai rauni, mai raini ma. Abin da ke faruwa ya fi haka sauƙin gani. Na farko malamai. A Amurka malamin da ya daɗe yana da damar neman canjin makaranta, kuma akasari inda aiki ya fi sauƙi yake nufa, don haka makarantar talakawa ita ce masaukin sababbin malamai, suna zuwa suna koyon aiki a kan yaran suna wucewa. Sai kuma nauyin aji. Malama mai yara 25, biyar daga cikinsu sun kwana da yunwa ko an tashe su daga gidan haya a tsakiyar zango, za ta iya bin kowane ɗaya ta tallafe shi. In ashirin ne cikin 25 ɗin, rabin ranarta a kashe gobara zai tafi, yaron da ya zo da shirin karatu kuma ya zauna yana jira. Amma abin da na fi ba nauyi shi ne muryar iyaye. Makarantar da ke da 'ya'yan lauyoyi da likitoci da 'yan jarida, in rufinta ya fara yoyo ko malamin lissafi ya yi wata bai zo ba, a ranar za a kira shugaban makaranta, gobe a kira ɗan majalisa, jibi maganar ta fito a jarida. Uwar da ke aiki biyu don biyan haya tana son ɗanta kamar kowace uwa, sai dai ba ta da sa'ar zuwa taron ƙarfe bakwai na yamma, in ta je ma ba lallai a saurare ta ba. Uban da ya tada jijiyar wuya saboda ɗansa, ba don Allah ya yi wa ɗan maƙwabcinsa ba, amma rufin da aka gyara kan yara talatin ya rufe. Gauraya dabara ce ta ɗaure son kan masu ƙarfi da maslahar marasa ƙarfi, kuma a siyasa wannan ɗauri ya fi tausayi daɗewa.

Akwai kuma ribar da jarrabawa ba ta aunawa. A 2022 masanin tattalin arziki Raj Chetty na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun wallafa binciken abotar Amurkawa kimanin miliyan 70 masu shekara 25 zuwa 44, ta hanyar bayanan Facebook da aka cire sunaye. Suka gano cewa cikin duk nau'o'in zumunci da suka auna, wanda ya fi nuna ko ɗan talaka zai fita daga talauci shi ne yawan abota tsakanin masu ƙaramin ƙarfi da masu hali a inda ya tashi. Ƙiyasinsu shi ne da ɗan talaka zai tashi a wurin da irin wannan abota ta kai ta 'ya'yan masu hali, da samunsa a girma ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen kowa a cikinmu. Labarin gurbin aiki, yadda ake cike takardar neman jami'a, sanin cewa akwai ma wata sana'a mai suna kaza, duk ta bakin mutane suke tafiya, kuma yaron da kowa a ajinsa irin gidansu ya fito, abin da ya sani shi suka sani.

Mu koma Wake. Ƙa'idar 2000 ba daga sama ta faɗo ba. A da, birnin Raleigh yana da hukumar makarantunsa, kewayen gunduma yana da tasa, farare masu hali kuma suna ta ƙaura daga birni zuwa kewaye. An tambayi jama'a a 1973 ko a haɗe hukumomin biyu, suka ce a'a, amma shugabannin gari da 'yan kasuwa, waɗanda ke tsoron tsakiyar birni ya mutu kamar yadda suka gani a wasu biranen, suka bi ta majalisar jiha aka haɗe su a 1976. Wannan haɗewa ita ce ginshiƙin komai, domin daga ranar wanda ya gudu daga birni bai fita daga hukumar ba. A 1982 aka mai da makarantu da dama na tsakiyar gari na musamman, wannan ta ƙware a harsuna, waccan a kimiyya, wata a kiɗa da zane, har iyayen bayan gari suka riƙa rububin kai 'ya'yansu unguwannin da a da ba sa ko bi ta ciki. Wani farfesa, Gerald Grant, ya rubuta littafi a 2009 yana kwatanta Raleigh da garinsu Syracuse na jihar New York, inda birni da kewaye ke rabe, kuma hukuncinsa a kan Raleigh shi ne babu lalatacciyar makaranta a cikinta. Wataƙila ya yi zuzutawa. Amma a jiha ɗaya akwai abin kwatance, birnin Charlotte, wanda shari'arsa ce ta halatta jigilar ɗalibai a 1971. Kotu ta sallame shi daga wannan wajibi, a 2002 ya koma tsarin makarantar unguwa, makarantu suka sake rabuwa. Masu bincike uku, Billings da Deming da Rockoff, sun bi yaran suka ga sakamakon jarrabawa ya faɗi ga waɗanda aka tura makarantun da marasa galihu suka taru, kuma kama samari baƙaƙe na unguwannin talakawa da laifi ya ƙaru. Ƙarin kuɗin da hukumar Charlotte ta zuba ya rage ɓarnar ta fuskar jarrabawa ga ƙananan yara, amma ta fuskar laifi bai hana ba.

To in haka ne, me ya sa jama'ar Wake suka juya wa tsarin baya? Wannan ita ce suka ta farko, kuma ba za a kore ta da cewa masu yin ta 'yan wariya ne ba, ko da akwai irinsu a ciki. Gundumar tana cika da baƙi a lokacin, ɗalibai dubbai ke ƙaruwa kowace shekara, ana gina sababbin makarantu, kowace sabuwa kuma sai an ɗebo mata yara daga tsofaffi. Don haka kusan kowace shekara dubban iyalai ke samun takardar canjin makaranta, wani gidan wa yana nan ƙane yana can. Aka kuma tilasta wa wasu makarantu jadawalin karatu na duk shekara mai hutu a rarrabe, wanda ya hargitsa wa iyalai shirinsu. Yawancin wannan canji cunkoso ne ya jawo shi, ba gauraya ba, amma uwar da aka canza wa 'yarta makaranta sau biyu ba ruwanta da wannan bambanci. A zaɓen hukumar na 2009, wanda mutane ƙalilan suka fito, masu adawa suka ci kujeru huɗu, a watan Maris na 2010 suka soke ƙa'idar da ƙuri'a 5 da 4. Shugaban makarantun gundumar, Del Burns, ya ajiye aiki, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ƙarƙashin Rabaran William Barber ta yi zanga-zanga har aka kama mutane a zauren taron hukumar. A 2011 masu ƙuri'a suka kayar da waɗanda suka soke, amma tsohuwar ƙa'idar ba ta dawo yadda take ba. Masu adawar suna da wata magana da ta fi ta jigila zafi: tun kafin a soke, makarantu da yawa sun riga sun haura kashi 40 ɗin, yaran talakawa masu yawa ba sa kammala sakandare, kuma doguwar tafiyar dole akasari a kan ɗan talaka take faɗawa, shi kuwa ɗan mai hali in ya yi nisa da son ransa ya yi, zuwa makaranta ta musamman. Duk wannan gaskiya ne. Abin da yake nunawa a ganina shi ne tsarin da ke motsa yara kowace shekara yana cinye haƙurin da yake buƙata don ya rayu, kuma binciken Montgomery ma ya nuna ribar sai an zauna wuri ɗaya shekaru take zuwa.

Suka ta biyu ita ce wadda ba a cika faɗa a bainar jama'a ba amma ita ke cikin zuciya: ɗana zai ja baya. Uba yana da haƙƙin wannan tambaya, kuma ba a amsa ta da wa'azi. Masu bincike daga Jami'ar Karolina ta Arewa sun duba yaran Wake da aka canza wa makaranta tsakanin 2000 da 2010, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibai, ba su ga alamar canjin ya cutar da karatunsu ba, sai ma ɗan ci gaba kaɗan a lissafi da raguwar dakatarwa. Hujja mafi ban sha'awa kuwa daga Indiya ta zo. A 2007 hukumomin Delhi sun tilasta wa manyan makarantun kuɗi da suka samu fili daga gwamnati a kan rangwame su riƙa ɗaukar 'ya'yan talakawa kyauta, daga ajin farko kawai, don haka aka samu aji mai gauraye da aji na gaba da shi marar gauraye a makaranta ɗaya. Gautam Rao ya gwada 'ya'yan masu kuɗin ajujuwan biyu. Makinsu na Turanci ya ɗan ragu kaɗan a ajin gauraye, na lissafi da na harshen Hindi bai motsa ba. A ɗaya gefen, sun fi kyauta, sun fi fitowa aikin taimako, kuma da aka ce su zaɓi abokin tseren gudu don cin kyauta, sun fi yarda su ɗauki ɗan talakan da ya fi gudu a kan ɗan mai kuɗin da bai kai shi ba. Ba zan ce wa uba babu abin da zai rasa ba. Zan ce masa abin da zai rasa kaɗan ne muddin marasa ƙarfi ba su rinjayi ajin ba, kuma ɗan da zai gaji kamfani ko ya hau kujerar mulki, sanin mutanen da zai shugabanta yana cikin iliminsa.

Suka ta uku daga ɓangaren talakawan kansu take fitowa, kuma ita ta fi nauyi a wurina. Akwai iyaye baƙaƙe da suka sha jigilar shekarun 1970 suna yara, aka rufe makarantun unguwanninsu, aka sallami malamansu, aka kai su inda ba a maraba da su. Irin waɗannan sukan ce: ku ba makarantarmu kuɗin da kuke ba tasu, ku bar mana 'ya'yanmu kusa da gida. Kuma bincike yana tare da su a rabin maganar, domin aikin Kirabo Jackson da abokansa na 2016 ya nuna ƙarin kuɗi mai ɗorewa yana ƙara wa 'ya'yan talakawa shekarun karatu da samu a girma. Duk mai cewa kuɗi ba ya aiki ya saɓa wa hujja. Tambayar ita ce wa zai tsare kuɗin. Ƙarin da ake ba makarantar talakawa kyauta ce daga masu rinjaye waɗanda 'ya'yansu ba sa ciki, kuma ranar da tattalin arziki ya tsuke, abin da ba ya taɓa ɗanka shi ne farkon abin da za ka yarda a yanke. Makarantar da kowa ke da ɗa a ciki ba ta roƙo, haƙƙinta take karɓa. Don haka ban ga dalilin zaɓar ɗaya a bar ɗaya ba, amma in an tilasta mini jerantawa, gauraya ce ke tsaron kuɗin.

Akwai iyakoki biyu da masu goyon baya kan yi shiru a kansu. Ana iya gauraya ƙofar shiga a sake rabuwa a ciki, 'ya'yan masu hali a ajin haziƙai a bene, 'ya'yan talakawa a ajin gama-gari a ƙasa. Binciken Chetty ya nuna kusan rabin rashin abotar daga rashin haɗuwa ne, sauran rabin kuwa mutane na haɗuwa amma kowa ya nemi irinsa, kuma hakan ya fi tsanani a manyan makarantu da masu raba ajujuwa bisa maki. Na biyu, inda kusan kowa talaka ne, kamar cikin Detroit, babu wanda za a gauraya da shi sai an tsallake iyakar hukuma, wadda hukuncin 1974 ya katange. Shi ya sa tsare-tsaren da suka daɗe ba su dogara ga tilas ba. Birnin Cambridge na jihar Massachusetts ya soke makarantar unguwa tun 1981, iyaye ke jera makarantun da suke so, hukuma ta raba gurabe tana lura da daidaito, daga 2001 kuma samun iyaye ya zama babban ma'auninta. Yaro in ya shiga ya shiga, ba a sake tumɓuke shi. Montgomery kuwa ba ta motsa yaro ko ɗaya ba, gidan ta kai unguwar.

Mai sauraro a Kano ko Kaduna zai ce mu ina ruwanmu. Akwai alaƙa, domin Najeriya ma ta daɗe da yarda cewa wanda yaro ya zauna da shi a aji al'amari ne na ƙasa. Kwalejojin gwamnatin tarayya sun fara da uku a 1966, a Sakkwato da Warri da Okposi, gwamnatin Janar Gowon ta yawaita su bayan yaƙin basasa, yau sun haura 100, kuma ana rabon gurabensu da la'akari da jiha, har makin shiga ya bambanta daga wata jiha zuwa wata. Sai dai jiha ake daidaitawa, ba aljihu ba, don haka gurbin jihar da aka sassauta wa maki yana iya faɗawa hannun ɗan babban ma'aikaci da ya yi firamaren kuɗi a Abuja, ɗan manomin da aka yi sassaucin dominsa ko labarin jarrabawar bai ji ba. Bambanci mafi girma kuma shi ne a Amurka kusan yara tara cikin goma suna makarantun gwamnati, don haka gyaran layi a taswira yana iya haɗa su. A biranenmu layin tsakanin makarantar gwamnati da ta kuɗi yake, kuma duk wanda ya samu ɗan hali, har da malamin makarantar gwamnatin kansa, ya kwashe nasa. Muryar da na ce ita ce babbar riba, ita ce ta fice gaba ɗaya. A 2019 gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufai, ya sa ɗansa a wata firamaren gwamnati, daga baya ya cire shi saboda barazanar masu garkuwa da mutane, amma ko da ya bar shi, yaro ɗaya ba ya canza lissafin aji. Indiya, wadda matsalarta ta fi kama da tamu, ta bi ta ɗaya ƙofar: dokarta ta 2009 ta wajabta wa makarantun kuɗi ware kashi 25 cikin 100 na ajin farko ga marasa ƙarfi, gwamnati ta biya, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da dokar a 2012. Inda abin ke cije musu shi ne jihohi da dama suna jinkirta biyan kuɗin, makarantu kuma suna fakewa da haka su bar guraben a wofi. Duk gwamnan da wannan hanya ta burge shi, sai ya fara da tambayar kwamishinansa na kuɗi ko zai iya biyan makarantun a kan lokaci zango bayan zango, domin daidai wannan gaɓa ce dokar Indiya ke yin tuntuɓe.